Kwale-kwale a tabkunan Adar: gyaransa, ɗaura masa tantin iska da ɗaukarsa a amalanke

Wanda bai san ƙasar Adar ba zai yi mamaki in ya ji ana zancen jirgin ruwa a Deule, ko Buza, ko Keita. Ƙasar duwatsu ce da fako, ba mu da kogin da ke gudu shekara cur. Amma duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas ya ratsa Tabalak, ya ga masunta cikin kwale-kwale, ya ga soyayyen kifi a bakin titi. Mun tattara wannan bayani ne domin masu saurarenmu na ƙauyuka da ke da jirgi ko suke shirin saye, da kuma ƴan uwa ƴan ci-rani na Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya waɗanda sau da yawa su ke aiko kuɗin jarin.

Ina jirgi yake aiki a yankinmu?

Babban wurin su a jihar Tawa shi ne tabkin Tabalak, kimanin kilomita 50 arewa maso gabas da birnin Tawa. Shi da tabkin Dan Dutsi sun shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2005. A kan ƙoramar Magiya akwai madatsun Mozage da Zango masu ba gandun noman rani na Ƙonni ruwa. Sannan tun da aka fara babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO, ƙananan madatsun ruwa sun yawaita a ƙoramun yankin. Wasu tabkunan ana zuba musu ƴaƴan kifi, irin su karfasa da tarwaɗa.

Abin lura shi ne, yawancin ruwan nan na ɗan lokaci ne. Yana cika da damina, ya yi ta ja da baya har bazara. Wannan cika da janyewa shi ke wahalar da jirgi a wurinmu fiye da na bakin kogin Kwara a Gaya ko Yawuri, inda jirgi ke kwana cikin ruwa kullum.

Ire-iren jirage

Akwai na sassaƙe, wanda ake fafe gungumen icce guda, kamar maɗaci. Yana da ƙarko, amma manyan itatuwa sun yi ƙaranci, kuma ba a sare su sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Akwai na katako, wanda kafinta ke haɗa falanki da kusa, gindinsa a shimfiɗe. Shi ya fi yawa yanzu, shi ne kuma wanda muke magana a kai. Akwai na ƙarfe da masu walda ke yi, da na roba mai ƙarfi da ake kira fiba. Ban da su akwai gora, ƙatuwar ƙwaryar da masunci ke kifa ciki a kanta, irin wadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu.

Abin da ke kashe jirgin katako

Na farko rana. Katako in ya sha ruwa yana kumbura, in ya bushe ya tsuke. Jirgin da aka bari a fili cikin zafin Afrilu da Mayu, mahaɗin falankinsa na buɗewa, katakon ya tsage daga bakin kusa. Na biyu gara, in aka ajiye shi a kan ƙasa. Na uku tsatsar kusa. Na huɗu ruwan sama da ke kwana a cikinsa har gindin ya ruɓe. Na biyar jan sa a kan duwatsu, abin da ba mu rasa ba a Adar.

Yadda ake gyara

A fara da dubawa. A ɗora jirgin a kan tsofaffin tayoyi, a wanke laka, a bi kowane falanki da tsinin wuƙa. Inda wuƙa ta nutse ba wuya, wurin ya ruɓe, ba ya karɓar faci, sai canji. Daga nan a zuba ruwa kaɗan a ciki, a leƙa ƙasa, a sa alamar gawayi duk inda ya ɗiga. Kaɗan muka ce fa, don nauyin ruwa mai yawa na iya ɓalle gindin jirgin da ke kan tudu.

Sai toshe mahaɗi. A ƙwaƙule tsohon abin da ke ciki, a bar wurin ya bushe, a murza auduga ko tsumman auduga kamar igiya, a tura shi cikin tsagar da dasasshen ƙarfe. Kar a danna da ƙarfin tsiya, domin katakon zai kumbura in ya koma ruwa, abin da aka cusa ya yi yawa sai ya ture falankin. Bayan haka a narka kwalta a shafe sama. Masu sassaƙar jirgi na Mopti a ƙasar Mali suna amfani da man kaɗanya wajen irin wannan aiki. Mai narka kwalta ya yi hankali: ɗigon ruwa ya faɗa cikin tafasasshiyar kwalta, sai ta yi tsalle ta ƙona mutum. A kori yara daga wurin.

Ƙaramin rami ko tsaga ana yi masa faci: ƙyalle mai kwalta a ƙasa, yankin kwano a sama, kusoshi kusa da juna a kewaye. A nemi farar kusa irin ta rufin kwano, ta fi jure tsatsa. In falanki za a canza, kar a haɗa sabo da tsoho baki da baki kawai. A sa wani guntun katako ta ciki ya rufe mahaɗin, a buga kusa ta ɓangarorin biyu.

Wasu na shafa baƙin man mota don korar gara. Ku tuna tabkin nan shi dabbobinmu ke sha, shi ake ban ruwan albasa da shi, a cikinsa kifin yake. Fenti mai mai ya fi, ko kwalta da ta bushe sarai. In an gama, a jiƙa jirgin a bakin ruwa kwana biyu ko uku, ya kumbura, kafin a hau.

Tantin iska

Ba sabon abu ba ne a ƙasashenmu. Ƴan ci-ranin da suka ga kogin Kwara wajen Mopti, ko tabkin Volta a Gana, sun ga jirage na tafiya da tanti da aka ɗinka da buhunan shinkafa. Ko a 1969, masu ɗaurin jirgin ciyawa na tabkin Cadi ne suka haɗa wa Baturen Norway Thor Heyerdahl jirginsa mai suna Ra, wanda ya tashi daga Maroko da tantin iska ya nufi tsallaka tekun Atlantika. Amfanin tanti a fili yake: ba mai, ba inji, hannu ya huta daga tuƙi.

Kayan haɗi guda biyar ne. Turke, wato miƙaƙƙiyar sanda mara ƙulli, irin ta turare ko gora. Mazaunin turke: katako mai kauri da aka gitta daga gefe zuwa gefe aka huda shi, da wani guntu mai rami da aka kafa a gindin jirgi daidai ƙarƙashinsa. Tantin kansa, na tamfol ko buhu, a ninka bakinsa a ɗinke igiya a ciki. Siririyar sanda da ke tashi daga gindin turke ta tokare kusurwar tanti ta sama. Sai igiyar riƙo da ke ɗaure a kusurwar ƙasa ta baya.

A kafa turken wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon jirgi daga goshi. Ga jirgi mai tsawon mita 5 zuwa 6, a fara da turken da bai wuce mita 3 ba, da tantin da bai wuce mita 2 tsawo, mita 1 da rabi faɗi ba. Kwale-kwalenmu siriri ne, dogon turke na kifar da shi. Kuma tun da gindinsa a shimfiɗe yake, zai bi iska ne ko ya ɗan gitta ta, ba zai fuskance ta ba. Mai son ya rage zamewa gefe, ya rataya faffaɗan allo a gefen da iska ke turawa, ya nutse cikin ruwa kamar kamu ɗaya. A riƙe matuƙi a baya don juya kai.

Doka ɗaya kar a manta da ita: igiyar riƙo a hannu take zama, ba a ɗaure ta. Iska ta bugo, ka saki, tanti ya yi ta kaɗawa, jirgi ya miƙe. Kuma a zauna a ƙasan jirgi, ta ɓangaren da iskar ke fitowa.

Sanin iskar ƙasarmu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas. Takan yi ƙarfi da hantsi, ta lafa da yamma. Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take, amma hadari daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa. In ƙarfin gudun iska ya ninka biyu, turin da take yi wa tanti ninki huɗu yake zama. Don haka gabas ta yi duhu, a sauke tanti, a kwantar da turke, a nemi gaɓa. Ba a jira a ga ɗigon farko.

Ɗauka a amalanke

Tun da ruwan wani tabki kan riga na wani ƙafewa, jirgi kan yi tafiyar tudu. A shimfiɗa tayoyi ko buhunan ƙaiƙayi a kan amalanke. A sa dogayen sanduna biyu a ƙarƙashin jirgin, domin goshi da baya da suka zarce amalanken su samu abin dogara, in ba haka ba gargadar hanya na sassauta kusoshi. A ɗaure a wuri uku, a cire turke da kaya, a daidaita nauyi a kan ƙafafun amalanke don kar ya danne jaki ko ya ɗaga shi. In kan titin mota za a bi, a ɗaura jan ƙyalle a baya, kuma kar a yi tafiyar dare. An isa, a sake duba mahaɗai kafin a tura ruwa. Lokacin ajiya kuwa, a kife shi a inuwa, bisa duwatsu ko tayoyi, a rufe da zana.

Lodi da rai

A ƙarshen Nuwamban 2021, jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, mutane fiye da 20 suka rasu, akasarinsu yara ƴan makarantar Islamiyya. Lodi ne ya wuce kima. Ruwan madatsa ne, irin namu, ba teku ba. Allah ya jiƙansu.

Saboda haka, in an gama lodi, a tabbata gefen jirgi ya ɗara ruwa da aƙalla taƙi guda. Jirgin su ba na fito ba ne, kar a cika shi da mutanen biki ko na kasuwa. Kowa ya samu rigar ruwa in da hali. A ɗaure jarkoki biyu zuwa huɗu marasa komai, rufaffu gam, a ƙarƙashin mazaunai: kowace jarka mai lita 20 tana iya riƙe kusan kilo 20 a saman ruwa. Yankakkiyar jarkar kwasar ruwa ta kasance a ɗaure da igiya. In jirgi ya kife, a kama shi a riƙe, katako ba ya saurin nutsewa, kuma daga gaɓa an fi hango jirgi da kan mutum.

Ga ƴan uwa na waje masu aiko kuɗi, kar ku tsaya ga kuɗin katako kaɗai. Ku ware na kwalta da kusa na kowace shekara, da na rigunan ruwa, da na takardar izinin su daga ma'aikatar gandun daji. Wanda bai taɓa hawa da tanti ba kuwa, ya gwada a ruwa mara zurfi, ranar da iska ke kwance, da wani a gaɓa yana kallo. Allah ya tsare, ya ba da sa'ar kamu.