KURA DA SHAN BUGU: TARIHIN LADAN DIREBAN BABBAR MOTA A ZARIYA

Gabatarwa

Kusan duk abin da ake ci ko ake gini da shi a Samaru da Basawa da Sabon Gari, a bayan babbar mota ya iso. Siminti da taki da man fetur da manja daga nesa suke zuwa, masara da tumatir da shanunmu kuma a mota suke tafiya Kudu. Amma in ka ji ana maganar direban babbar mota, to, galibi ƙorafi ne, ko ya tare hanya a Kwangila, ko ya yi ganganci. Ba safai akan tambayi yadda ake biyansa ba, ko awa nawa yake yi bisa sitiyari kafin ya runtsa.

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce mu waiwayi tarihin wannan sana'a a yankinmu, don mu ga inda tsarin biyan direba ya samo asali. Abin da za mu gani shi ne, motoci sun sake, hanyoyi sun sake, an yi dokokin albashi iri iri, amma yawancin direbobin 'yan kasuwa har yanzu a kan yarjejeniyar baka suke aiki, irin ta ubangida da yaronsa.

Kafin Zuwan Mota

Ƙasar Zazzau mararrabar fatake ce tun da daɗewa. Ayarin da ya taso daga Kano zai nufi Nupe ko Ilori sai ya ratsa ta. A cikin ayari akwai mutum biyu da ya kamata mu riƙe a zuciya. Na farko shi ne madugu, watau shugaban tafiya, wanda ya san hanya da zango, shi ke shiryawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, kuma amanar dukiyar mutane tana wuyansa. Saboda haka yana da girma, yana da lada mai kauri. Na biyu shi ne ɗan alaro, mai ɗaukar kaya a ka. Shi kuwa ladansa na tafiya ne. In an kai an sauke a sallame shi, in ya yi ciwo a hanya ta kansa yake yi.

Da mota ta zo sai aka haɗa wa direba aikin mutanen nan biyu. Amanar kaya da sanin hanya da shiryawa da masu shinge, duk nasa ne kamar madugu. Amma wajen biya, tsarin ɗan alaro aka bi da shi.

Jirgin Ƙasa Da Kafuwar Sabon Gari

A shekarar 1911 layin dogo da ya taso daga Baro ya iso Zariya, ya wuce Kano. A gefen tashar jirgin ne Sabon Gari ya tsiro, ya cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa, da yawansu daga Kudu. Ba da jimawa ba Zariya ta zama mahaɗar jirage. An ja ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, wanda ya yi aiki har 1957, sa'an nan aka ja wani ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Wannan layi na biyu shi ne ya ratsa ta Samaru, daga gare shi unguwar Hayin Dogo ta sami sunanta.

Turawa sun kawo jirgi ne don kwasar auduga da gyaɗa. Ƙungiyar masu noman auduga ta Ingila, wadda aka kafa a 1902, ta kafa injin gurza a Zariya, kuma a 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru. To, amma jirgi ba ya shiga ƙauye. Dole a sami abin da zai ɗauko kaya daga kasuwannin karkara ya kawo bakin tasha. Da fari jakuna da raƙuma da shanu ke yi, daga baya motocin lori suka shigo. Direbobin farko yawancinsu mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari, 'ya'yan Hausawa kuwa ta hanyar zama yaran mota suka fara shiga.

Gwamnatin mulkin mallaka ita ce mai jirgi, don haka ba ta so mota ta yi gasa da shi ba. Sai ta ninka kuɗin lasin ga motocin da ke bin hanyoyin da suka yi kafaɗa da layin dogo. Wannan ne ya jawo yajin aikin motoci na 1937, wanda ya fi ƙarfi a ƙasar Yarabawa, Obafemi Awolowo na cikin waɗanda suka shirya shi, har gwamnati ta sassauta. Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar da ta yi wannan yaji ta masu motoci ce. Kukan da aka kai na haraji ne, ba a yi batun albashin direba ba.

Haka kuma a babban yajin aiki na 1945, wanda ya wuce kwana 40, ma'aikatan reluwe ne a gaba, har da na Zariya, ƙarƙashin jagorancin irin su Michael Imoudu. Sun nemi ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, kuma daga baya an ba su. Sun ci nasara ne don ubangidansu ɗaya, sunayensu na cikin littafi ɗaya, in sun ajiye aiki ƙasa ta tsaya. Direban ɗan kasuwa kuwa shi kaɗai ne gaban maigidansa.

Zamanin Gyaɗa Da Auduga

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sana'ar ta bunƙasa. Sojojin da suka dawo daga Bama, wasunsu sun koyo tuƙi da kanikanci. A 1949 aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da na auduga, a 1954 kuma aka mai da su hukuma ɗaya ta Jihar Arewa. Wakilan da aka bai wa lasin saye su ke da alhakin kai kaya tasha ko gidan gurza, saboda haka attajiri ya ga ba shi da abin da ya fi ya mallaki lori. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, kamfanin taba ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, Jami'ar Ahmadu Bello ta kafu a 1962. Kowane ɗayansu ya ƙara yawan kayan da ake ɗauka. Rikicin 1966 ya sa direbobi da makanikai da yawa 'yan Gabas suka bar Arewa, 'yan ƙasa suka cike gurbin.

A wannan zamani ne tsarin da muka sani ya zauna da gindinsa. Yaro zai fara da zama karen mota. Shi ke wanke mota, shi ke ɗaure tamfol, shi ke dirowa da gudu ya sa waigi in mota ta tsaya a hawa, shi ke kwana ƙarƙashinta yana gadi. Ba shi da albashi sai kuɗin abinci da abin da direba ya ga dama, ladansa na gaskiya shi ne a koya masa tuƙi, abin da kan ɗauki shekaru. Marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi wa wannan bawan Allah waƙa da kuntiginsa, watau Waƙar Karen Mota, wadda tana cikin waƙoƙin da suka fito da shi.

In yaro ya ƙware ya sami lasin, sai wani ya tsaya masa a wurin mai mota. Ba a rubuta kome. Akan yanka masa ɗan albashi na wata, sa'an nan a ba shi kuɗin hanya a kowace tafiya. A cikin kuɗin hanyar nan zai ci abinci, ya ciyar da yaransa, ya sallami 'yan kamasho, ya yi faci, ya ba masu shinge. Abin da ya ragu shi ne nasa. Wasu kuma ba su da albashin wata sam, kaso ake ba su daga kuɗin lodi.

Mai karatu zai ga abin da wannan tsari ke haifarwa. Tun da samun direba ya rataya ga yawan sawu, barci ya zama hasara a gare shi. Tun da ragowar kuɗin hanya ce ribarsa, zai ɗora fasinja a kan kaya, zai yi lodin da ya wuce kima. Daga nan ne goro da shayi mai kauri suka zama abokan tafiya, wasu har suka zarce ga ƙwayoyin hana barci. Ba a ce direbobi ba su da laifin kansu ba, akwai masu sayar da man gas na ubangida, akwai masu ganganci. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Dokokin Da Suka Tsallake Shi

Shekarun 1970 sun kawo canje-canje. A ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi a hannun dama, a farkon 1973 Naira ta maye gurbin fam. Kuɗin man fetur ya sa aka shimfiɗa kwalta, jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya, har mota ta ƙwace yawancin dakon kaya. Aka kafa wuraren harhaɗa manyan motoci a Bauci da Kano da Inugu da Ibadan. Matatar mai ta Kaduna ta buɗe a 1980, tankoki suka yawaita a hanyar Zariya.

Ta fuskar doka ma an yi motsi. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ce lalle ne mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya shafi direban gwamnati, na manyan kamfanoni ma sun samu bayan sun matsa. Direban Alhaji kuwa abin da ya gani shi ne tashin farashin kaya a kasuwar Sabon Gari.

A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka yi dokar mafi ƙarancin albashi, Naira 125 a wata. An ɗaga shi zuwa Naira 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024. To, sai dai tun daga dokar farko an ware wasu da ba ta hau kansu ba. Akwai wuraren da ma'aikatansu ba su kai 50 ba, wanda dokar 2019 ta rage zuwa 25, akwai kuma waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon aikin da suka yi. Attajiri mai mota biyu ko biyar bai kai wannan adadi ba, direban da ake biya da sawu kuma ya faɗa cikin kashi na biyu. Ta kowace ƙofa aka bi, yana waje.

Haka abin yake ga diyya. Dokar 2010 ta tanadi asusun biyan ma'aikacin da ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, inda mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya. Amma wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, da me iyalinsa za su kafa hujja? Abin da aka saba shi ne ubangida ya zo gaisuwa, ya ba da abin da Allah Ya hore masa. Wani yakan riƙe marayun, wani kuwa daga sadakar uku ba a sake ganinsa.

Game da hutu, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya a 1979 wadda ta ce kada direba ya wuce awa 4 yana tuƙi bai huta ba, kada kuma ya wuce awa 9 a rana ko 48 a mako. Ƙasashe kaɗan ne suka sa mata hannu. A Nijeriya an kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988, tana duba gudu da taya da lasin, amma tsarin biyan da ke hana direba barci ba ya cikin abin da ake dubawa a bakin titi.

Ƙungiyoyi

A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta harhaɗa ƙungiyoyin ƙwadago suka koma 42, daga ciki har da NURTW ta ma'aikatan sufurin mota. Ƙarfinta ya fi yawa a tasha, wajen tsara layi da karɓar kuɗin lodi da sasanta rigima. Tana taimakon ɗanta in ya shiga hannun hukuma, amma da wuya ta zauna da masu motoci a kan albashi, don a cikinta akwai direba, akwai mai mota, akwai wanda ya haɗa duka biyu.

Direbobin tanka su ne suka fita daban. Suna da reshensu a cikin NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur, kuma kayan da suke ɗauka iri ɗaya ne, daga 'yan wurare ƙalilan ake lodinsa. In sun ajiye makulli gidajen mai sun bushe cikin kwanaki, kamar yadda aka gani a yajin 1994. Wannan ya sa suke iya zama da ƙungiyar masu motoci, NARTO, a yi ciniki a kan albashi da alawus a rubuce. Darasin ma'aikatan reluwe na 1945 ne ya maimaita kansa. Mai ɗaukar masara daga Giwa ko tumatir daga Hunƙuyi bai sami wannan gata ba tukuna.

Kammalawa

Adalci ne a faɗi cewa mai mota ma yana da nasa kuka. Taya da man gas da kayan gyara sun yi tsada, hanya ta lalace, ga 'yan fashi da masu satar mutane. Akwai kuma iyayen gida na kirki da suka yi wa direbobinsu aure, suka kai su Makka, har suka bar musu mota. Sai dai alherin mutum ɗaya ba ya zama haƙƙin kowa, kuma yakan mutu tare da mai shi.

A ganina gyaran ba sai an jira sabuwar doka ba. Takardar nan da dokar 1974 ta ambata, in an rubuta ta da Hausa, ko da boko ko da ajami, aka faɗi albashi da kuɗin hanya da abin da za a yi in haɗari ya auku, shugaban tasha ya sa hannu a matsayin shaida, to, an rage rabin zalunci. Addininmu ma ya hore mu da rubuta ma'amala da biyan ɗan ƙwadago a kan kari, rubutu kuwa ba ya rage amana.

Mu kuma ɗaliban Hausa akwai namu aikin. A Sabon Gari da Muciya da Cikaji akwai tsofaffin direbobi da suka yi tuƙi tun ana bin hannun hagu. A bakinsu tarihin nan yake, tare da kalmomin sana'ar da kirarin da ake rubutawa a jikin motoci. Ya kamata masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai su je su zauna da su tun suna raye. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya sa mu dace, amin.