Barcin Tiyata da Jijiyar Fuska

Kafin zuwan asibiti, wanzami ne mai fiɗa a 'Yankuzo da ƙauyukan Tsafe: kaciya, cire beli, ƙaho, babu maganin kashe zafi sai dauriya da masu riƙewa. An fara nuna sa barci don tiyata a Boston ta Amurka a 1846.

A shekarun 1960 likita Peter Jannetta ya yaɗa aikin ɗage jijiyar jinin da ke danne jijiyar fuska tana haddasa azabar ciwo. Aiki ne mai tsauri, dole majiyyaci ya kwanta ko motsi babu, likitan barci na lura da numfashinsa da bugun jininsa.

Wannan aikin na cikin tiyatar ƙwaƙwalwa, wadda likita Latunde Odeku ya soma a Ibadan a 1962. Yau Sakkwato ce ke da cibiyarta kusa da Zamfara, inda Tsafe take.