Dayosis ɗin Kafanchan: Daga Tashar Jirgi Zuwa Ritayar Limamai

Dokar Ikklisiyar Katolika ta ce duk Fadan da ke riƙe da coci, idan ya cika shekara 75, ya rubuta wa bishop ɗinsa takardar neman ajiye aiki. Bishop na iya karɓa nan take, yana kuma iya cewa a ɗan jinkirta. In ya karɓa, sashe na 538 na kundin dokokin 1983 ya ɗora masa nauyin samar wa dattijon wurin kwana da abin sawa a bakin salati. A Turai an daɗe da sabawa da wannan. A Kafanchan kuwa sai yanzu maganar take kankama, domin sai yanzu 'ya'yan ƙasa da aka naɗa a shekarun 1970 da 1980 suke dosar waɗannan shekaru da yawansu.

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan. Tun daga 1927 garin ya zama mahaɗa, inda layin dogon da ya taso daga Fatakwal yake rabuwa biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu suka cika garin, da yawansu 'yan Katolika ne, kuma su ne suka fara cika bencin coci. 'Yan mishan na SIM sun riga Katolika shiga ƙauyukan yankin, tun 1910 suna Kwoi.

Limaman da suka zo 'yan ƙungiyar SMA ne, waɗanda suka kafa tasharsu ta farko a Arewa a Shendam cikin 1907. Daga baya akasarinsu daga ƙasar Ireland suke zuwa. A 1934 Roma ta raba aikinta na Arewa gida biyu, Jos da Kaduna, sai iyakar ta ratsa tsakiyar wannan yanki. Ƙasar Jama'a, wadda a lokacin take cikin Lardin Filato, ta bi Jos, su Zangon Kataf kuma suka bi Kaduna. Haka Bajju da Atyap da Ham da Gwong da mutanen Kagoro da Moro'a suka shafe shekara sittin suna maƙwabtaka, suna waƙa ɗaya da Hausa ranar Lahadi, amma suna amsa wa bishop biyu.

Idan ana ba da tarihin nan, sunayen Turawa ake lissafawa, alhali rabin aikin katikis ne ya yi shi. Fada ɗaya yakan riƙe ƙauyuka masu yawa, ba ya isa kowanne sai bayan makonni, a kan keke ko babur, in damina ta cika rafi ma sai an jira rani. Katikis shi ke nan kullum. Ranakun mako malamin firamare ne, ranar Lahadi ya ja addu'a, shi ke shirya masu baftisma da masu aure, shi ke tsayawa a bakin kabari. Makarantun mishan da asibiti irin na Sistocin St. Louis da ke Zonkwa su suka jawo iyaye, kuma daga waɗannan ajujuwa ne limaman farko suka fito. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun kwashe 'yan kudu daga garuruwan dogo, gwamnati kuma ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. Abu biyun nan sun tilasta wa cocin ya tsaya da ƙafar 'yan ƙasa.

Peter Yariyok Jatau, ɗan Bajju, an naɗa shi Fada a 1963, ya gaji John McCarthy a matsayin Babban Bishop na Kaduna a 1975. Matthew Hassan Kukah, ɗan Anchuna a ƙasar Ikulu, an naɗa shi a 1976. Buɗe babbar makarantar horar da limamai ta St. Augustine da ke Jos a 1967 ta sa samari daga kudancin Kaduna suka riƙa shiga aikin a jere.

Ranar 10 ga Yuli 1995 Paparoma John Paul na Biyu ya haɗa ɓangarorin yankin biyu, na Jos da na Kaduna, ya kafa Dayosis ɗin Kafanchan, cocin St. Peter Claver ya zama babban cocinta. Aka ba Joseph Danlami Bagobiri, ɗan Fadan Kagoma, riƙonta yana da shekara 37. Sabuwar dayosis ta tarar da yankin bai huce ba daga rikicin Kwalejin Ilimi ta Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992, sannan na bayan zaɓen 2011 ya biyo baya. Bagobiri mutum ne mai kaifin harshe, bai iya ɓoye abin da ke ransa ba game da kashe-kashen ƙauyuka, wannan ya sa wasu suka ƙaunace shi, wasu kuma suka ga ya cika zafi. Ta fuskar gini dai ba a musu. An yi ta yanka manyan coci-coci ana ɗaga rassan ƙauye su samu Fadansu, kuma yau dayosis ɗin tana da babbar makarantar limamai ta Christ the King a Fayit. Bagobiri ya rasu ranar 27 ga Fabrairu 2018 yana da shekara 60, bai ga ritaya ba. Julius Yakubu Kundi, limami daga Dayosis ɗin Zariya, shi ya gaje shi, aka naɗa shi a Fabrairun 2020.

To, ina tsofaffin limamai suke zuwa? A zamanin Turawa amsar mai sauƙi ce. In ƙarfi ya ƙare, Fada ya hau jirgi ya koma gidajen SMA da ke birnin Cork, ƙungiyarsa ta yi jinyarsa ta binne shi. Jama'ar nan ba su taɓa ɗaukar nauyin tsufan limami ba, ban kwana kawai suka sani. Fadan dayosis ɗan ƙasa ba shi da wata Cork. Ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya, a ƙasar da 'ya'ya su ne fanshon tsoho. Gidan da ya kwana a ciki shekara arba'in na coci ne, ranar da ya sauka wani zai shiga. Jatau ya ajiye aiki a 2007, ya rayu har Disamban 2020, shekara 13 ke nan. Shi babban bishop ne, ba a rasa masu kula da shi ba. Abin dubawa shi ne Fadan ƙauye wanda ba a san sunansa a jarida ba, mai hawan jini ko ciwon suga, wanda kuɗin maganinsa daga baikon manoman citta da masara zai fito.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci, wato limaman da ba a bari sun tsufa ba. An sace ɗalibai 3 a makarantar Fayit a Oktoban 2021. An kashe Fada John Mark Cheitnum bayan an ɗauke shi a Yadin Garu a Yulin 2022. An ƙona gidan Fada a Fadan Kamantan a Satumban 2023, ɗalibi Na'aman Danlami ya mutu a ciki. An kashe Fada Sylvester Okechukwu na cocin Tachira a Maris 2025, ranar Larabar Toka. Tura matashin Fada ya maye gurbin dattijo a ƙauye mai nisa ya zama shawarar da bishop zai kwana yana juyawa.

A ganina cocin da zai jure saukar Fadansa shi ne wanda bai jingina komai a kansa ba. Inda katikis ke samun horo da ɗan albashinsa a kan kari, inda Zumuntar Mata ke da bakin magana a kwamiti ban da dafa abincin biki, inda aka san abin da baiko ya tara da inda ya tafi, canjin Fada ba ya girgiza kowa. Inda kuwa mabuɗin komai yake aljihun mutum ɗaya, ranar da ya tafi sai an fara daga tushe.

Kukah zai cika shekara 75 a watan Agustan 2027, sa'o'insa na nan a coci-cocin kudancin Kaduna, wasu na biye da su kusa. Ya kamata kowane kwamitin coci a Dayosis ɗin Kafanchan ya ware wani kaso na baikon kaka domin gida da maganin limaman da suka ajiye aiki, a rubuta shi, a karanta wa jama'a lissafinsa duk shekara.