Zaɓen kamfanin jirgin sama don tafiya hutu Zanzibar

Tsibiran Zanzibar da ke cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar ƙasar Tanzaniya, na daga cikin wuraren shaƙatawa mafi farin jini a nahiyar Afirka. Akasarin mazauna tsibiran Musulmi ne, kuma a shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birninsu na Stone Town cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Sai dai mai niyyar zuwa can daga Kano ko Abuja ko Legas, tilas ne ya yada zango a wata ƙasa. Don haka zaɓen kamfanin jirgi ya haɗa da zaɓen birnin da za a tsaya, da tsawon jira, da kuma wanda zai ɗauki alhaki idan tafiya ta sami tangarɗa. Kuɗin tikiti kaɗai ba ya bayyana waɗannan abubuwa.

Hanyoyin da ake bi

Hanya mafi kusa ita ce ta gabashin Afirka. Kamfanin Ethiopian Airlines yana tashi daga Kano da Abuja da Legas zuwa birnin Addis Ababa, tafiyar kimanin sa'o'i biyar, sannan a sauya jirgi zuwa filin jirgin sama na Abeid Amani Karume da ke Zanzibar, wanda kan ɗauki kusan sa'o'i uku. Shi kuwa Kenya Airways yana bi ne ta Nairobi daga Legas.

Hanya ta biyu ita ce ta Gabas ta Tsakiya da Turkiyya. Qatar Airways, wanda ya fara zuwa Kano a shekarar 2022, yana bi ta Doha, yayin da Turkish Airlines ke bi ta Santambul. Wannan hanya zagaye ce, domin matafiyi zai shafe sa'o'i 13 ko fiye a sararin sama, ban da lokacin jira.

Akwai kuma hanyar sauka a Dar es Salaam. A shekarar 2025 kamfanin Air Tanzania ya buɗe zirga-zirga tsakanin birnin da Legas. Daga Dar es Salaam ana tsallakawa Zanzibar cikin kimanin minti 20 a jirgin sama, ko kuma sa'o'i biyu a jirgin ruwa.

Biza kafin tikiti

'Yan Najeriya na cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Sai sun nema tun daga gida, sun kuma jira amincewar hukumar shige da fice, abin da kan ɗauki makonni. Wanda ya sayi tikiti mai rahusa da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizar ta fito, yana iya tafka asara. Tikitin da ke ba da damar sauya rana ya fi tsada, amma ya fi dacewa da irin wannan hali.

Bugu da ƙari, ana buƙatar katin shaidar allurar shawara. Tun daga ranar 1 ga watan Oktoban 2024 kuma, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44 ga kowane baligi, ko da kuwa suna da wata inshorar.

Tikiti ɗaya ko biyu

Wasu kan yanki tikiti biyu daga kamfanoni daban-daban domin rage kuɗi. Illar hakan ita ce, idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, babu kamfanin da zai ɗauki nauyi, sai dai matafiyi ya sake sayen wani tikitin. Haka kuma dole ne ya karɓi kayansa a zangon farko ya sake auna su, wanda kan buƙaci bizar shiga ƙasar.

Idan kuwa tikitin ɗaya ne tun daga gida har Zanzibar, kamfanin ne zai nema masa wani jirgin. Wasu kamfanonin, irin su Ethiopian Airlines, kan ba da masauki ga fasinjan da jiransa ya kama daga sa'o'i 8 zuwa 24, bisa wasu sharuɗɗa da ya kamata a tabbatar kafin biyan kuɗi.

Batun kaya

Manyan kamfanoni kan ba fasinjan da ya taso daga Najeriya damar ɗaukar jaka biyu masu nauyin kilo 23 kowacce, amma ƙananan jiragen da ke zirga-zirga cikin Tanzaniya sukan taƙaita kaya zuwa kilo 15.

Yarjejeniyar Montreal ta shekarar 1999, wadda Najeriya ke cikinta, ita ce ta tsara diyyar kayan da suka ɓata ko suka lalace. Bayan gyaran da aka yi a watan Disamban 2024, iyakar diyyar ta kai kwatankwacin dala 2,000 ga kowane fasinja. Wajibi ne a shigar da ƙorafi a rubuce cikin kwana 7 idan kaya sun lalace, ko cikin kwana 21 idan sun makara.

Lafiyar jirage

Akwai ma'aunai biyu da kowa zai iya dubawa a intanet. Na farko shi ne rajistar binciken IOSA da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙirƙiro a shekarar 2003, wanda sharaɗi ne ga dukkan mambobinta. Na biyu shi ne jerin kamfanonin da Tarayyar Turai ta haramta wa shiga sararin samaniyarta, wanda take wallafawa tun shekarar 2006.

A watan Disamban 2024 Tarayyar ta sanya Air Tanzania cikin jerin, sannan a watan Yunin 2025 ta faɗaɗa haramcin ga dukkan kamfanonin da ke da rajista a Tanzaniya, tana mai nuni da rauni wajen sa-ido na hukumar sufurin jiragen ƙasar. Ana sabunta jerin lokaci-lokaci, don haka yana da kyau a duba shi gab da tafiya.

Siyasa da tattalin arziki ma na iya katse hanya. Kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a shekarar 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale a ƙasar, bai kuma dawo ba sai a watan Oktoban 2024. A watan Yunin 2025 kuma Qatar ta rufe sararin samaniyarta na wasu sa'o'i a lokacin harin da Iran ta kai sansanin sojin Amurka na Al Udeid, lamarin da ya bar dubban fasinjoji cikin jira.

Abinci da ibada

Kamfanonin Qatar Airways da Emirates da Turkish Airlines suna ba da abincin halal ga dukkan fasinjoji, ko da yake ana raba giya ga mai buƙata. A sauran kamfanonin, ana iya neman abincin Musulmi, mai lambar MOML, aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Filayen jiragen Doha da Santambul suna da masallatai da wuraren alwala.

Lokacin tafiya

Kuɗin tikiti kan tashi daga watan Yuni zuwa Oktoba, da kuma ƙarshen Disamba, lokacin da masu yawon buɗe ido ke tururuwa. Yakan sauka daga Maris zuwa Mayu, amma a lokacin ne ake tafka ruwan sama mafi yawa a tsibiran. Mai kwatanta farashi zai fi samun gaskiyar lissafi idan ya haɗa kuɗin tikiti da na kaya, da na sauya rana, da na kwanan zango, da kuma na zuwa Legas ko Abuja in jirgin ba ya tashi daga garinsu.