Steel Pulse: Daga Unguwar Handsworth Zuwa Kundin Mass Manipulation

Yau zan kai ku birnin Birmingham na Ingila, saboda kundin Mass Manipulation da ƙungiyar rege ta Steel Pulse ta saki a 2019, bayan shekara 15 ba ta fitar da sabon kundi ba.

Da yawanmu in aka ce rege, Bob Marley da Lucky Dube kawai muka sani. To su waɗannan 'ya'yan baƙi ne da suka yi ƙaura daga Jamaika. A 1975 David Hinds da abokansa na makaranta suka kafa ƙungiyar a unguwar Handsworth, lokacin da ɗan sanda ke iya tare matashi baƙar fata ya caje shi don zargi kawai, 'yan National Front kuma na maci a titi suna cewa baƙi su koma inda suka fito.

Abin mamaki, gidajen rawa na 'yan uwansu baƙaƙe ne suka fara rufe musu ƙofa, wai don su 'yan Rasta ne. Sai fararen yara masu kiɗan punk suka karɓe su. A 1978 suka fitar da Handsworth Revolution, mai ɗauke da waƙarsu kan Ku Klux Klan. Ku ji ƙarfin hali: baƙaƙen samari su hau dandamali sanye da fararen hulunan nan masu tsini na 'yan Klan, a gaban dubban mutane! A watan Afrilun shekarar suka yi wasa a gangamin Rock Against Racism a Landan tare da The Clash.

Daga baya sun ci Grammy a 1987, sun kuma yi wasa a bikin rantsar da Bill Clinton a 1993. Ni a ganina a tsakanin nan kiɗansu ya ɗan yi laushi, kasuwar Amurka ta ja su.

Shi ya sa kundin 2019 ya burge ni. Hinds ya haura sittin, shi da Selwyn Brown ne suka rage cikin tsofaffin, amma sun dawo kan harbin baƙar fata da 'yan sandan Amurka ke yi, da safarar mutane. Wannan ta biyun ba sai an yi mana fassara ba, mun san hanyar Agadas zuwa Libiya, mun ga bidiyon gwanjon mutane a 2017.

Ku saurari na 1978 tukuna, sannan sabon, ku faɗa min wanda ya fi zafi.