Kwamfutoci 17,000 da Taƙaddamar Babbar Manhaja

A ƙarshen Oktoban 2007 wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva ya sanar da cewa ya samu cinikin ɗora babbar manhajarsa a kan ƙananan kwamfutoci 17,000 da za a raba wa makarantun Nijeriya. Babbar manhaja ita ce wadda ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, kuma a kanta sauran manhajoji ke zama. Ta Mandriva reshe ce ta Linux, wadda Linus Torvalds ya faro a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma kowa na da izinin kwafarta da gyara ta. Kwamfutocin kuwa Classmate ne na kamfanin Intel, masu ɗan allo inci 7, da aka ƙera domin yaran ƙasashe masu tasowa.

Murnar ba ta yi nisa ba. Ranar 31 ga Oktoba shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa takwaransa na Microsoft, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa cikin fushi. Ya ce an shaida masa za a biya kuɗin manhajarsa kamar yadda aka yi alkawari, sannan a goge ta a ɗora Windows. Wato ƙasa za ta sayi abu, ta zubar tun bai yi aikin kwana ɗaya ba. Rahotanni sun ambaci dala 400,000 ta talla da Microsoft ke tattaunawa a kai da kamfanin da ke rarraba kwamfutocin, Technology Support Center. Microsoft ya musanta aikata ba daidai ba. A cikin Nuwamba asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin kai sadarwa karkara, kuma shi ne ya ɗauki nauyin 11,000 daga cikin kwamfutocin, ya ce zai ci gaba da Mandriva.

Jaridun waje sun ɗauki wannan a matsayin nasarar ƙarami a kan babba. A takarda haka ne. Sai dai sauya babbar manhaja bai taɓa ƙarewa a teburin sa hannu ba. Birnin Munich na Jamus, da kuɗinsa da ƙwararrunsa, ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya shafe shekara goma kafin ya juya kwamfutoci kusan 15,000, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Abin da ya fi ci wa ma'aikata tuwo a ƙwarya shi ne takardun da ke shigowa daga wasu ofisoshi, da manhajojin da ba su san kowa ba sai Windows.

A arewacin Zamfara abin ya fi haka tsanani, domin a nan mai gyara ne ke yanke hukunci. Yaron da ya taso daga Gurbin Bore ko Shinkafi ya shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, kwamfutarsa ta farko galibi ta hannu ce. Idan ta rikice, shagon da zai kai ta Windows ke cikin filashinsa. Mai buga katin biki da kalandar siyasa da CorelDRAW yake cin abinci, shi kuwa ba shi da sigar Linux a yau. Hujjar da ta fi jan hankali a Turai, cewa Linux kyauta ce, ba ta da kaifi a kasuwar da ba kasafai ake sayen lasisi ba: kuɗin ɗorawa kawai ake biya. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, abin da iyaye ke nema shi ne ɗansu ya saba da irin allon da zai tarar a cibiyar jarrabawa, ko wane ne ya ƙera shi.

Kamfanin Mandriva ya rushe a 2015. Amma tambayar da ya bari ta dawo ta wata ƙofa. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, Windows 11 kuma na buƙatar wani guntun tsaro, TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Linux za ta iya tafiyar da su sumul. Sai dai sauke ta na cin gigabait biyu zuwa shida, sabunta ta kuma na son intanet mai ɗorewa, a jihar da aka katse layukan waya baki ɗaya a Satumbar 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga.