Lalle Bai Taɓa Yin Baƙi Ba

Rina furfura tsohuwar al'ada ce. Lokacin da aka kai gawar Fir'auna Ramses na Biyu birnin Faris a 1976 domin bincike, masana sun tarar da alamar lalle a gashinsa, fiye da shekara 3,000 bayan rasuwarsa. A ƙarni na bakwai kuma, ruwayar Anas ɗan Malik a Sahihu Muslim ta nuna Sayyidina Umar na rini da lalle zalla, Sayyidina Abubakar kuwa yana haɗa shi da katam, wani tsiro na ƙasar Yaman mai duhunta launi.

Wannan haɗi na da dalili. Ganyen lalle na ɗauke da sinadarin da ke manne wa gashi, kuma launi ɗaya yake bayarwa: ja mai ratsin ruwan goro. Mai son duhu sai ya nemi tsiro na biyu. Daga Farisa zuwa Indiya, baba aka riƙa ɗorawa a kan lalle, dangin baban da marinar Ƙofar Mata a Kano ta shahara da shi.

Hanyar ba ta sauya ba. A daka busasshen ganye, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa da ɗan lemun tsami, a bar shi ya tsumu na wasu sa'o'i. A shafa, a rufe kai na sa'a biyu zuwa huɗu, a wanke. Sannan a kwaɓa garin baba da ruwan ɗumi a shafa nan take, domin ƙarfinsa na gushewa da wuri. Aikin yini guda ne.

Wannan yinin ne masana'antun Turai suka taƙaita. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara rina gashi da sinadarin PPD, a 1909 kuma Eugène Schueller ya kafa kamfanin da ya zama L'Oréal a Faransa. Baƙi ya samu cikin mintoci. Daga baya PPD ya kutsa cikin kwanon ƙunshi, aka raɗa masa suna baƙin lalle, a nan gida muka ce dayis. Yana iya ƙona fata, ya bar mutum da ƙaiƙayi da kumburi duk lokacin da ya sake taɓa rini. A Sudan, tun shekarun 1980 likitocin Khartoum ke ba da rahoton mutanen da maƙogwaronsu ya kumbura, ƙodarsu ta lalace, mafi yawa bayan sun sha shi.

Saboda haka, idan garin da aka sayar maka da sunan lalle ya baƙanta gashi cikin rabin sa'a, ka san ba ganye kaɗai ke ciki ba. Sunan na kakanni ne, abin da ke cikin ƙunshin kuwa ba nasu ba ne.